Shekarun da jinin al'ada ya yi min sallama

Assalamu alaikum 'yan'uwana mata, da mazan da suka daure suka tsaya karanta zancen da ba a saba yinsa a gabansu ba.

Ni malamar makarantar sakandare ce a Kano. An haife ni a 1970, Allah Ya azurta ni da 'ya'ya da jikoki. Tun ina yarinya babu matakin da na taka a rayuwar mace ba tare da wata babba ta riƙe hannuna ba. Da na fara al'ada Inna ta shigar da ni ɗaki ta koya min ƙunzugu da wankan tsarki. Da aure ya zo gwaggwannina suka zaunar da ni. Da na haihu aka yi min wankan jego, aka dama min kunun kanwa, aka faɗa min abin da zan ci da wanda zan bari. Amma da jinin ya kama hanyar tafiya, babu wadda ta ce min ga abin da ke zuwa. Shi ya sa nake rubuta wannan, don na san a yanzu haka akwai wata tana jiƙewa da gumi cikin dare tana zaton ajalinta ne ya matso.

Abin ya faro ina da shekara 46. Al'adata da na san ranarta tun ina budurwa sai ta rikice. Wani lokaci ta zo kafin sati uku, wani lokaci ta yi wata biyu shiru, sannan ta ɓalle da ƙarfi har da gudaji. Na koma sa tufafi masu duhu zuwa makaranta. In na tsaya gaban allo hankalina rabi yana kan darasi, rabi yana kan zanina. Jiri ya fara ɗibana in na miƙe, hawa bene ya zama aiki, ashe jinin jikina ne ya yi ƙasa.

Damuwata ta farko ma salla ce. Jini ya ɗauke in yi wanka, kwana biyu ya dawo. Na samu malamarmu ta islamiyya bayan an tashi, ta warware min cewa a mazhabarmu ta Malikiyya haila ba ta wuce kwana 15, abin da ya haura haka jinin ciwo ne, sai mace ta yi wanka ta ci gaba da ibadarta. Allah Ya saka mata da alheri, ta sauke min nauyi babba. Sai dai ita hukuncin jinin ta sani. Dalilin da ya sa jikina ya canza ba fanninta ba ne.

Daga nan sai zafin ya shigo. Wadda ba ta taɓa jinsa ba da wuya ta gane. Yana tasowa ne daga ƙirji, ya haura wuya, ya mamaye fuska da tsakiyar kai, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, gumi ya karyo. Bayan 'yan mintoci ya sake ni, sai kuma sanyi ya kama ni har in yi rawar ɗari. A tsakiyar hunturu, kowa a ofishin malamai ya ƙudundune cikin rigar sanyi, ni kuwa ina fifita da littafin rajista, hijabina ya manne a wuya. Abokan aiki maza su ce, "Malama, lafiya kuwa?" In ce lafiya ƙalau, hijabin ne mai kauri. A watan Afrilu kuwa, in aka ɗauke wuta da dare, Allah kaɗai Ya san yadda nake kai asuba. In farka rigar barci sharkaf, matashi ya jiƙe, in canza, in kwanta, barci ya ƙi dawowa sai gab da kiran assalatu.

Rashin barcin ya taɓa komai. Ni da nake haddace sunayen ɗalibai aji guda cikin sati, sai in kalli yarinyar da na koyar shekara biyu sunanta ya ɓace min. In shiga kicin in tsaya ina tunanin me ya kawo ni. Gabana ya riƙa faɗuwa ba dalili. Ƙaramin abu ya sa ni faɗa, bayan na gama kuma in shiga ɗaki in yi kuka. Autana ya taɓa tambayar yayarsa a gabana, "Wai me muka yi wa Umma ne?" Wannan tambayar ta daɗe tana ci min rai.

Duk wanda ya ji zafin jiki da gumin dare a ƙasar nan, maleriya zai fara cewa. Haka aka ce min a kemis, aka haɗa da taifod, na sha ƙwayoyi, aka yi min allurai. In ɗan ji dama-dama, abin ya dawo, a sake wani zagayen. Babu wanda ya tambayi shekaruna, balle ya tambayi al'adata. Da dangi suka ga magani ya ƙi ci sai zance ya koma wani wajen. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sammu. An yi min ruƙiyya, kuma ba zan taɓa raina ta ba, domin karatun Alƙur'ani ya sanyaya min zuciya a lokacin da nake matuƙar buƙata. Abin da ya ƙona min rai shi ne yadda aka fara nuna abokiyar zamana da baki. Baiwar Allah nan ita ce mai karɓar min girki in na kwana ban runtsa ba, ita ce mai cewa, "Yaya, ki kwanta, zan sallami yaran." A ce wai ita ta yi min asiri. Na tsawatar, amma magana in ta fita ba ta komawa, kuma na san ta kai kunnenta. Gidaje nawa ne zumunci ya lalace a cikinsu saboda abin da jikin mace ke yi da kansa in shekaru sun kai?

Da al'adar ta yi wata huɗu ba ta zo ba, Gwaggo ta dube ni ta ce, "Ke 'yar nan, ciki ne ya kwanta miki." Ta kawo saiwoyin tayar da shi. Gwajin fitsari ya nuna babu komai, amma Gwaggo ta ce ai kwantaccen ciki ba ya fita a gwajin asibiti. Na san matan da suka shekara uku suna jiran cikin da babu shi, musamman waɗanda Allah bai ba haihuwa ba, ko masu neman ɗa namiji. Kowane wata ana karɓar kuɗinsu ana ƙara musu rai. Wannan zalunci ne, kuma rashin bayani ne ya buɗe masa ƙofa.

Akwai ɓangaren da ya fi kowanne nauyin faɗa, amma in na tsallake shi na ha'inci mai karatu. Gabana ya bushe. Kwanciyar aure da ta kasance abin jin daɗi ta koma zafi da raɗaɗi, wani lokaci har da ɗan jini. Fitsari ya riƙa matsa min, yana min zafi. Aka ce sanyi ne, na sha magungunan sanyi iri-iri. Masu kayan mata suka ba ni na sha da na matsi, na matsin nan kuwa ƙara min ƙuna ya yi, don fatar wurin ta riga ta yi laushi. Na fara neman dalilin kauce wa ranar girkina. Malam bai ce komai ba, mutum ne mai kawaici, amma na ga ya ja jiki. Shi yana ganin na gaji da shi, ni ina ganin ya ga na tsufa. Muna ɗaki ɗaya kowa da abin da yake saƙawa.

Mafita ta zo ta hannun wata tsohuwar ɗalibata da ta zama ma'aikaciyar jinya. Mun haɗu a gidan suna, ta ga ina share gumi ina fifita alhali fanka na kaɗawa a kaina. Da za mu fita ta rako ni, ta rage murya ta ce, "Malama, ki yi haƙuri da tambayata, yaushe rabonki da al'ada?" Na ce ya fi shekara. Ta ce, "To ai wannan ba maleriya ba ce. Ki daure ki ga likitan mata." Ita ta nuna min yadda zan bi in samu ganin likita a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Wannan a 2021 ne.

Likitar da na samu mace ce, ba ta kai ni shekaru ba, amma ta saurare ni har na gama. Sannan ta ɗauki takarda ta zana min mahaifa da jakunkunan ƙwai biyu a gefenta. Ta ce ana haihuwar 'ya mace da duk ƙwayayenta, miliyan ɗaya zuwa biyu, ba a ƙara mata ko ɗaya. Kafin ta balaga sun ragu zuwa dubu ɗari uku ko huɗu, haka suke ta raguwa har su kusa ƙarewa. Jakunkunan nan su ne ke samar da sinadaran homon guda biyu, istirojin da firojestaron, masu tafiyar da al'ada. In ƙwai ya yi ƙaranci sai sinadaran su rikice kafin su sauka gaba ɗaya. Ta ce, "Hajiya, kin san fitila in kananzir ya kusa ƙarewa, takan yi ta balbali tana lumshewa kafin ta mutu. Shekarun da kika yi jini yana rikicewa, balbalin ke nan." Wannan zangon yakan ɗauki shekaru. Sai mace ta cika wata 12 cur ba ta ga jini ba, ba don ciki ko shayarwa ko wani magani ba, sannan a ce al'ada ta ɗauke. Yawancin mata a duniya hakan na samunsu ne tsakanin shekara 45 da 55. Wadda tata ta ɗauke kafin 40, wannan lalura ce da ke buƙatar magani, kada a ce mata ta yi haƙuri kawai. Haka wadda aka cire wa jakunkunan ƙwai a tiyata, ita rana ɗaya abin ke auko mata, kuma yakan fi tsanani.

Na tambaye ta zafin fa, me ya haɗa shi da mahaifa? Ta ce a ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da ke daidaita ɗumin jiki. In istirojin ya ragu sai sashen nan ya daina jure ko ɗan canji kaɗan. Da ɗumi ya ɗan ƙaru sai ya ɗauka jiki ya yi zafi da yawa, ya buɗe hanyoyin jinin fata, ya saki gumi. Shi ya sa sanyi ke biyo baya. Kusan mata uku cikin huɗu suna jin wannan zafin, wasu sama-sama, wasu har ya hana su sukuni. Ta ba ni labarin wani dogon bincike da aka yi a Amurka, wanda sakamakonsa ya fito a 2015, da ya nuna zafin kan ɗauki kimanin shekara bakwai a tsakaice, a wajen baƙaƙen mata kuma yakan kai goma. Da na ji haka na ce lallai ba abin da zan zauna ina jira ya wuce ba ne. Bushewar gaba kuwa, ta ce ita ba ta ma wucewa da kanta, ƙaruwa take yi, domin istirojin ne ke riƙe kaurin fatar wurin da damshinta, har da ta mafitsara.

Na zaci za a ɗebi jinina a auna homon. Ta ce macen da ta haura 45 kuma ga alamomi a fili, ba a buƙatar wannan gwajin, don sinadarin yau yana sama gobe yana ƙasa, sakamakon sai ya ruɗar. Gwaje-gwajen da ta sa na yi na neman wasu cututtukan ne masu kama da wannan. Aka auna hawan jini da sukari da yawan jini. Aka duba ƙwayar maƙogwaron nan da kan kumbura ta zama maƙoƙo, don in aikinta ya yi yawa tana kawo gumi da bugun zuciya. Ta tambaye ni ko ina tari ko ina ramewa, saboda tarin fuka ma yana sa gumin dare. Aka yi min hoton mahaifa, da gwajin bakin mahaifa, da hoton nono. Ni da na haifi 'ya'ya a asibiti, ban taɓa yin waɗannan biyun na ƙarshe ba sai a lokacin.

Da sakamako ya fito lafiya sai muka zo kan magani. Ta ce wanda ya fi kowanne kashe zafin shi ne a mayar wa jiki kaɗan daga istirojin ɗin da ya rasa. Ana samunsa a ƙwaya, da filasta da ake mannawa a fata, da man shafawa. Macen da mahaifarta ke nan dole a haɗa mata da firojestaron ko danginsa, domin istirojin shi kaɗai yana kaurara bangon mahaifa har ya iya zama kansa. Wadda aka cire wa mahaifa ita ce ke shan istirojin zalla. Ina so a riƙe wannan da kyau, don na ga masu sayo ƙwayar a kemis saboda ta yi wa ƙawarsu aiki.

Ina jin an ambaci homon na ce, "Likita, ba shi ne ake cewa yana kawo kansar nono ba?" Ba ta ɓoye min komai ba. Ta ce tsoron ya samo asali ne daga 2002, lokacin da aka dakatar da wani babban bincike a Amurka mai mata sama da 16,000, saboda an ga ƙarin kansar nono da ciwon zuciya da daskarewar jini a cikin masu shan haɗin. Labari ya zaga duniya, mata suka watsar da magani, likitoci suka daina rubutawa. Amma matsakaicin shekarun matan da ke cikin binciken 63 ne, da yawansu sun daɗe da daina al'ada. Da aka sake bin alƙaluman daki-daki sai aka ga macen da ba ta kai 60 ba, ko ba ta wuce shekara goma da ɗaukewar al'ada ba, kuma ba ta da wata lalura, amfanin ya fi haɗarin yawa. Haɗarin yana nan, ba a ce babu ba. A lissafin likitocin Ingila, cikin mata 1,000 masu shekara 50 zuwa 59, kimanin 23 za su kamu da kansar nono cikin shekara biyar ko ba su sha komai ba, shan haɗin kuma yana ƙara kimanin huɗu a kai. Ta ce ƙiba mai yawa ta fi wannan ƙara haɗarin nesa ba kusa ba. Sannan ta lissafa waɗanda ba a ba su: wadda ta taɓa kansar nono, wadda jini ya taɓa daskare mata a ƙafa ko huhu, wadda ta taɓa shanyewar ɓarin jiki, mai ciwon hanta mai tsanani, da mai zubar jinin da ba a gano dalilinsa ba. Irin waɗannan akwai musu wasu hanyoyin. Wasu magungunan damuwa a ƙaramin awo suna rage zafin, haka ma gabafentin da ake bayarwa don ciwon jijiya.

Ta ce in je in yi tunani, jikina ne. Na yi istihara, na dawo na ce na amince. Filasta da man shafawa sun fi sauƙi ta fuskar daskarewar jini tunda ba sa bi ta hanta, amma samunsu a nan yana da wuya kuma da tsada, don haka ƙwaya aka rubuta min a ƙaramin awo, tunda hawan jinina daidai yake. Ta ƙara min da wani kirim na istirojin da ake sawa a gaba, wanda kaɗan ne ƙwarai daga cikinsa ke shiga jini, da man santsi na ruwa don lokacin kwanciya. Ta gargaɗe ni cewa a watannin farko zan iya ganin ɗigon jini da nauyin nono, amma in ɗigon ya wuce wata shida in dawo.

Cikin 'yan makonni na fara kwana har asuba. Ban san barci ni'ima ce mai girman haka ba sai da na rasa shi ya dawo. Da barcin ya daidaita, faɗan ya ragu, sunayen ɗalibaina suka dawo. Zafin bai tafi kwata-kwata ba, amma ya zama baƙon da ke leƙowa jefi-jefi. Na lura shayi mai zafi da yaji da ɓacin rai suna tayar min da shi, sai na rage. Na koma atamfa da hijabin auduga mara nauyi, na ajiye ruwan randa kusa da gado.

Likitar ta fi matsa min a kan ƙashi da zuciya, abubuwan da ba sa ciwo sai sun yi ɓarna. Ta ce a shekaru biyar na farko bayan ɗaukewar al'ada mace na iya rasa kusan kashi goma cikin ɗari na ƙarfin ƙashinta. Tsofaffin da muke gani sun ranƙwafa, ko wadda ta zame a banɗaki ƙugu ya karye ba ta sake tashi ba, da yawa wannan ne. Mu kuma matan cikin gari ga rana har ta yi yawa, amma ba ta taɓa fatarmu, alhali da ita jiki ke haɗa bitamin D. Yanzu ina shan hantsi a tsakar gida, ina zagaya filin makaranta da ƙafa kafin a shiga aji. Nono da kindirmo, zogale, miyar kuka, ƙananan kifin da ake ci da ƙayarsu, duk na mayar da su abincin yau da kullum. Na rage gishiri da dunƙulen miya, don kariyar da istirojin ke ba zuciyar mace tana raguwa, hawan jini da sukari kuma a shekarun nan suka fi sallama. Wani abin da ta ce in isar wa ƙannena shi ne, rikicewar al'ada ba ta hana ɗaukar ciki. Mai tsarin iyali ta ci gaba har shekara biyu bayan jinin ƙarshe in ba ta kai 50 ba, ko shekara ɗaya in ta haura. Mai fama da ɓallewar jini irin wadda na yi kuma akwai maganinta, har da robar mahaifa mai homon da ke rage shi sosai.

Maganar Malam ita na fi jin nauyi. Wani dare bayan isha na ajiye masa takardar da likita ta yi zane a kai, na yi masa bayani kaina a sunkuye. Ya yi shiru, can ya ce, "Ashe ciwo kike ji duk tsawon lokacin nan? Ni na ɗauka ni ne ba kya so." Ya tambaya ko gaskiya ne abin da ake faɗa, wai in mace ta daina al'ada maniyyi taruwa yake a cikinta ya kumbura mata ciki. Na ce na tambayi likita, ta ce babu wannan, tumbin da ke fitowa kitse ne da ke komawa ciki in homon ya sauka. Tun daga ranar shi ke tuna min ranar komawa asibiti. Maza da yawa ba mugunta ce ke sa su ja baya ba, su ma babu wanda ya taɓa yi musu bayani.

Kada a ɗauka duk wahala ce. Inna ta ce ita wayar gari kawai ta yi ta ga babu, ko ciwon kai ba ta yi ba, kuma akwai mata da yawa irinta. Ni ma yanzu ina azumtar Ramadan daga farko har ƙarshe babu ramuwa. Goman ƙarshe ba na fargabar a ce ina fashin salla a daren da ake sa ran Lailatul Ƙadri. Ina ɗaukar Alƙur'anina duk lokacin da na so. Wannan daɗin na daban ne. Maganin kuma ba a bar ni da shi haka kawai ba, duk shekara muna zama da likita a auna jini, a duba nono, a sake duba ko za a ci gaba ko a rage.

Abin da ya sa na ga wajibi ne in yi magana ya faru ne a 2023. Yayata, wadda muke uwa ɗaya uba ɗaya, tana aure a wani ƙauye ta wajen Gwarzo. Ta haura 60, ta fi shekara goma rabonta da jini. Na je dubiya gidanta, aka kira la'asar na ga ba ta tashi ba. Na ce, "Yaya, ba kya salla ne?" Ta yi murmushi ta ce ai baƙon nan ne ya dawo mata, wata na uku ke nan yana ɗan ɗigowa. Matan gidan har tsokanarta suke wai ƙuruciya ta dawo. Ta ce ta tambaya an ce mata tsakanin shekara 50 da 70 mata ake tambaya su duba ko haila ce, su kuma sun ce ita ce. Gabana ya faɗi, domin kalmar da likitata ta fi nanata min ita ce, duk jinin da ya zo bayan an cika shekara da ɗaukewar al'ada, ko ɗigo ɗaya ne, a kai shi asibiti. Na ce, "Yaya, hukuncin salla na malamai ne, amma wannan jinin sai likita ya gani." Ta ce ba ta jin ciwon komai, ga damina, ga kuɗin mota. Na samu mijinta a zaure na ce, "Yaya Malam, alfarma nake nema, ka ba ni ita sati ɗaya." Allah Ya saka masa, bai musa ba.

Hoto ya nuna bangon mahaifarta ya yi kauri fiye da yadda ya kamata ga mai shekarunta. Aka ɗebi ɗan nama daga ciki aka kai gwaji. Likita ta ce mana cikin mata goma masu irin wannan jinin, kusan tara ba kansa ba ce, yawanci laushin fata ne ko wani ɗan tsiro mara illa. Yaya ta faɗo cikin ɗayan. Kansar bangon mahaifa ce, amma ba ta fita daga mahaifar ba. Aka yi mata tiyata aka cire mahaifar da jakunkunan ƙwai. 'Ya'yanta suka sayar da tumaki, dangi suka yi karo-karo, abokiyar zamana ta riƙa kai mana abinci asibiti har aka sallame mu. Likitocin sun ce irin wannan kansar tana daga cikin masu warkewa in an kama ta da wuri, domin da jini take fara sanarwa tun tana ƙarama.

Yaya ta warware, ta koma gidanta da kiwonta. Har yanzu tana zuwa a duba ta lokaci-lokaci, a gidana take sauka, ni nake raka ta. A zuwanta na baya ta taho da wata maƙwabciyarta da ita ma jini ya dawo wa bayan shekaru, aka duba aka ga ɗan tsiro ne a bakin mahaifa, aka cire mata shi a ranar, washegari suka hau mota suka koma tare.